Gona ta gaji, farashi ya karye: Tsaka-mai-wuyar ƙaramin manomi a Bauchi

Daga ƙarshen watan Oktoba, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, Kasuwar Muda Lawal da ke cikin garin Bauchi kan cika tun kafin hantsi ya dubi ludayi. Motocin a-kori-kura na shigowa ta hanyar Dass da ta Ningi da ta Gombe, ɗauke da masara da dawa da wake da shinkafa, 'yan dako na saukewa, dillalai na cusa hannu cikin buhu suna duba ƙwaya. Wani kaso na wannan kaya zai bi ta Jos da Akwanga da Keffi, ya ƙare a kasuwannin Wuse da Utako da Karu, inda ma'aikacin gwamnati kan yi cefanen wata.

A shekarar 2025 wannan ma'aikaci ya ɗan numfasa. A watan Yunin 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, buhun masara kuma ya wuce naira 80,000 a kasuwannin Arewa da dama. Kafin kakar 2025 ta ƙare, buhun ya faɗo ƙasa da rabin haka. Ga mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wannan rahama ce. Ga manomin da ya sayi taki da maganin ciyawa a kan tsadarsu kuwa, asara ce tsagwaronta, kuma wani ɓangare na asarar ba ya fitowa a lissafin aljihu. Gonar ce ke biyan sa, domin manomin da bai mayar da uwar kuɗinsa ba ba shi da abin da zai mayar wa ƙasar da ta ba shi amfanin.

A nan ne batutuwa biyu da ma'aikatu kan raba wa sassa daban-daban suke haɗuwa: lafiyar ƙasar noma da adalcin kasuwa.

Ƙasar da ba ta hutawa

Jihar Bauchi, mai ƙananan hukumomi 20, ta ratsa yanayi iri biyu. A kudancinta, wajejen Toro da Dass da Tafawa Ɓalewa da Bogoro, ruwan sama kan kai kimanin milimita 1,300 a shekara, yayin da a can arewa, wajen Gamawa da Zaki, yakan tsaya kusa da 700. Galibin masu noma a tsakanin waɗannan iyakoki ƙananan manoma ne masu hekta ɗaya ko biyu, da fartanya da garmar shanu.

A da, idan gona ta gaji akan bar ta saura na wasu shekaru, ciyawa da sabara su rufe ta har ƙarfinta ya dawo. Yau wannan ya zama labari. Rabon gado ya yayyanka gandun iyali zuwa ƙananan gonaki, garin Bauchi kuma yana ta cin filayen da ke kewaye da shi, ta Miri da Tirwun da Inkil da Birshi. Gona ɗaya ake nomawa kowace damina. Bayan girbi a kwashe kara don dabbobi da danga da girki, abin da ya rage a tara a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Itatuwan da ke riƙe ƙasa suna tafiya a buhunan gawayi.

Masana ƙasa sun daɗe suna nuna cewa a yawancin gonakin wannan yanki, ruɓaɓɓen ganye da sauran abin da ke ba ƙasa rai bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Manomi zai zuba buhu biyu inda mahaifinsa ke zuba ɗaya, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya wanke wani kaso, ƙuduji ya shanye saura. Ƙuduji kuwa, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ba ya samun sakewa sai a gonar da ta rame.

Shugabannin Afirka sun taɓa ɗaukar cewa ƙarancin takin zamani ne kaɗai ciwon. A Abuja aka zauna a watan Yunin 2006, aka yi alƙawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Ba a cim ma hakan ba. Da aka sake zama a Nairobi a watan Mayun 2024, sai aka ƙara lafiyar ƙasa a cikin sunan taron kansa, wato an yarda cewa taki a kan matacciyar ƙasa zuba ruwa ne a kwando.

Ilimin da ke gida tun fil azal

Abin da ƙungiyoyin duniya ke kira noman farfaɗo da ƙasa ya ƙunshi abubuwa kaɗan: kada a bar gona tsirara, a cuɗanya amfani iri-iri, a mayar wa ƙasa kashin dabbobi da ragowar amfani, a bar itatuwa su rayu tare da shuka, a tare ruwa kada ya gudu da ƙasa. Duk wanda ya tashi a ƙauyen Bauchi zai ji kamar ana karanta masa tarihin gidansu ne.

Gerawa, waɗanda Malam Yakubu da ya kafa garin Bauchi a farkon ƙarni na 19 ya fito daga cikinsu, da Jarawa da Zaar da Warjawa da Hausawa da Fulanin da ke zaune tare da su, sun gaji noman haɗi. Ana shuka gero ko dawa, a sa wake ko gyaɗa a tsakani. Saiwar wake na tara sinadarin da ke cikin takin yuriya daga iska ta ajiye a ƙasa, ganyensa na rufe kunya, harawarsa kuma abincin tumaki ce da rani. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka ba a sare su a gona, domin daddawa da man kaɗe da miya daga gare su suke, kuma yawancin kuɗinsu na mata ne. Gawo kuwa yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da shuka ke buƙatar rana, ya tofo da rani, lokacin da dabba ke buƙatar inuwa.

Akwai kuma tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi. Bayan girbi Bafulatani kan sauka da garkensa a gona, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya sallame shi da damin dawa. Rikicin filaye da rashin yarda sun raunana wannan ciniki a wurare da yawa, kuma babu wanda ya lissafa buhunan taki nawa aka yi asara da mutuwarsa.

A karkarar Kano, inda jama'a suka cunkushe tun ƙarnoni da suka wuce, masanin nan ɗan Birtaniya Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya rubuta yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da toka da taki zuwa gonaki. Da wannan aka riƙa noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba. Bincike na zamani ya ɗora a kan haka. Reshen Kano na cibiyar IITA ya gyara tsarin haɗi zuwa layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuma ta fitar da irin masara da dawa da wake masu saurin nuna da jure ƙuduji.

Darasi daga Maraɗi

Babbar hujjar cewa ƙasa na iya dawowa tana nan kusa, a tsakanin Hausawan Jamhuriyar Nijar. A farkon shekarun 1980 yankin Maraɗi ya zama fili fetal, an kashe kuɗi wajen dasa itatuwan da yawancinsu suka bushe. A 1983 wani ma'aikacin agaji ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara zaɓen reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Mutanen yankin suka raɗa wa dabarar suna sassaben zamani.

Bayan kimanin shekara 20, hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 na gonakin kudancin Nijar. A 2018 Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara guda da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramukan shuka a kan fako, wadda a yankin Tawa ake kira tassa.

Abin lura a labarin Maraɗi shi ne dalilin yaɗuwarsa. A da doka ta mayar da itatuwa mallakin gwamnati, malamin daji na iya cin tarar mutum a kan bishiyar da ke gonarsa, saboda haka manomi ya gwammace ya tumɓuke ta tun tana ƙarama. Da aka sassauta, manomi ya tabbata cewa itacen nasa ne kuma zai iya sayar da rassansa, sai kowa ya kama. Manomi ya yi aikin ne da ya ga inda ribarsa take.

Lissafin kaka

Wannan shi ne abin da ya yi wa manomin Bauchi ƙaranci. Gyaran ƙasa jari ne mai jinkirin haihuwa. Takin gargajiya sai an saya an biya amalanke ta kai shi gona. Bishiyar da aka bari yau sai bayan shekaru za a ci moriyarta. Wanda ya rage masara don ya sa waken suya ko gyaɗa ya rage abin da zai zuba a rumbu a bana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ƙaramin manomi kuwa yakan shiga damina ne da bashi.

Da yawa kan karɓi taki ko kuɗin ƙwadago bisa tsarin ba-da-kaka, a biya da buhu bayan girbi, a kan farashin da mai ba da bashin ya yanke tun shuka ba ta yi bunni ba. Kaka na zuwa, buƙatu su taso gaba ɗaya: mai bashi, kuɗin makaranta, aurar da 'ya, magani. Kowa ya fito da kayansa a mako guda, farashi ya zube. Mai jari ya saya ya ɓoye. A watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, manomin nan zai koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar, da tsada.

Awo ma wata ƙofa ce ta asara. A yawancin kasuwannin ƙauye da mudu da buhu ake ciniki, ba da sikeli ba, buhu kuwa ya fi buhu. Babu bambancin farashi mai ƙarfi tsakanin hatsin da aka sheƙe aka busar da kyau da wanda ke cike da tsakuwa. Ga la'adar dillali, ga kuɗin mota da ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ga harajin kan hanya. Duk waɗannan daga rabon mai gona ake cire su.

Sai batun mallakar gonar kanta. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, amma ƙalilan ne ke da takarda. Masu noman haya da aro, ciki har da mata da matasa da yawa, sun san cewa gonar da suka yi wa taki ta yi kyau, mai ita na iya karɓe abarsa baɗi. Wa zai kiwata kazar da wani zai yanka?

Hannun Abuja a cikin mudu

Gwamnati ba baƙuwa ba ce a cinikin amfanin gonar Bauchi. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1961 a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga da hukumar ciniki ke saye a kan farashin da take sanarwa. An soki hukumomin da danne manomi don tara wa gwamnati rara, kuma an rushe su a 1986. Sai dai manomi na wancan zamani ya san farashinsa kafin ya kai kaya. A fannin wayar da kai kuma, Gombe, wadda ta kasance cikin Jihar Bauchi har zuwa 1996, na cikin wurare uku da Bankin Duniya ya fara gwada shirin raya aikin gona a tsakiyar shekarun 1970, tare da Funtuwa da Gusau, kafin a faɗaɗa shi ga jihar baki ɗaya a farkon shekarun 1980. Dattawa na tuna malamin gona a kan babur yana bin ƙauyuka. Yau malami ɗaya ke fuskantar dubban manoma.

Shirye-shiryen baya-bayan nan sun fi karkata ga kayan aiki. Shirin ba da rance na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya kafin a dakatar da shi, da tarin bashin da ba a biya ba. Shirin takin Shugaban Ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016 ya sauko da buhu zuwa naira 5,500. A daminar 2024 da ta 2025 buhun ya wuce naira 30,000, duk da cewa Najeriya na fitar da yuriya waje daga masana'antun Dangote da Indorama.

A watan Yulin 2024, shekara guda bayan ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci, gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na tsawon kwana 150. Yunwa ta kai inda dole a yi wani abu, babu mai musun haka. Amma sanarwar ta zo ne bayan manomi ya gama shuka da taki mai tsada. Haka a watan Agustan 2025, aka dakatar da fitar da ƙwarar kaɗanya na wata shida don a ƙarfafa masu sarrafa ta a gida, farashi ya faɗi nan take a hannun matan da suka riga suka tsinto ta. Kowace shawara na da hujjarta. Abin da manomi ya koya daga tarinsu shi ne cewa ba a iya hasashen gobe, wanda bai san gobensa ba kuwa ba ya shuka gawo.

Inda kasuwa ke biyan inganci

Akwai amfanin gonar da ke nuna wata hanyar. Acca, hatsin gargajiya na tsaunukan Bogoro da Tafawa Ɓalewa da Dass da maƙwabtansu na Filato, tana yi a ƙasar da masara ba za ta kai labari ba, kusan babu taki. Masu ciwon sukari a birane na nemanta, Tarayyar Turai kuma ta amince da shigar da ita kasuwanninta a watan Disamban 2018. Cikas ɗinta shi ne surfe da rege yashi, aikin da ke cinye yinin mata a bakin turmi. Injin surfe ɗaya a hannun ƙungiyar mata na iya sauya rabon da ke komawa ƙauye. Riɗi ma, wanda Bauchi ke cikin jihohin da ke nomawa, yana da masaya har Japan, masu biyan kuɗi a kan tsafta.

Wake kuwa gargaɗi ne. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a wurin ajiya. Maganin matsalar na nan a kasuwa: buhu mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska. Da shi manomi zai ajiye wakensa wata shida babu guba, in har bashi bai tilasta masa sayarwa ba.

A nan ne tsarin shaidar ajiya ke da amfani: manomi ya kai kaya sito, a auna da sikeli, a tantance darajarsu, a ba shi takardar da banki zai karɓa jingina, ya sayar idan farashi ya tashi. Kamfanoni masu zaman kansu irin AFEX na yin haka a wasu jihohi, Gwamnatin Tarayya na da kasuwar hajoji tata, tana kuma da rumbunan zamani 33 masu iya ɗaukar sama da tan miliyan ɗaya, waɗanda aka amince a ba da hayar yawancinsu a 2018. Tazarar da ke tsakanin waɗannan gine-gine da mai buhu biyar a Ganjuwa ita ce ba a cike ba.

Gwamnati kanta babbar mai sayen abinci ce, don makarantu da barikoki da gidajen gyaran hali da sansanonin 'yan gudun hijira. Birazil ta yi doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyar da ɗalibai su tafi wajen sayen kayan ƙananan manoma kai-tsaye. Najeriya ta fara nata shirin ciyarwar a 2016 da irin wannan buri, sai dai ya yi ta tsayawa yana tashi.

Abin da ke kan tebur

Kuɗin gyaran ƙasa akwai su. A watan Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na shekara shida, a jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya, da nufin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya. Bauchi na ciki, kamar yadda take cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa. Jihar na da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Gubi, da kwalejin aikin gona a Yalwa. Rance ne, 'yan ƙasa za su biya, saboda haka ya kamata a auna shi da yawan itatuwan da suka rayu bayan shekara biyar da yawan buhunan da gona ta ƙara, fiye da yawan dashen da aka raba ranar biki.

Sauran abubuwan suna kan teburan da masu rubuta takardun majalisar zartarwa ke zama. Sanar da duk wani sauyin harajin shigo da abinci kafin saukar ruwan fari. Sayen hatsin ajiyar ƙasa a lokacin kaka, a kan farashin da aka bayyana tun bazara. Tilasta sikeli a manyan kasuwanni. Ware wani kaso na kuɗin tallafin taki ga irin wake da gyaɗa da albashin malaman gona. Alƙawarin Maputo na 2003, na ware wa noma kashi 10 cikin ɗari na kasafi, har yanzu kasafin tarayya bai kusance shi ba.

A watan Afrilu, manomin da ya sauke kayansa a Muda Lawal zai tsaya a gonarsa da gatari da ashana. Zai yanke shawara ko ya bar tohon kalgo ya girma, ko ya ƙone karan da ya rage, ko ya biya kuɗin amalanken taki. Abin da ya rage a aljihunsa daga cinikin kaka ne zai yanke masa hukunci, kuma farashin mudu a Wuse nan da shekara biyar yana rataye da abin da ya zaɓa.